Na ƙirga daɗin taba kara-kara kafin in rabu da ita

Duk wanda ya ce maka taba ba ta da daɗi, bai taɓa shan ta ba. Da wannan maganar masu wa'azi kan fara, daga nan kuma mashayi ke toshe kunnensa, domin shi ya san abin da yake ji idan ya gama cin tuwo ya jingina da bango ya ƙyasta ashana. Illolinta kuwa ba wanda ya kai shi sani. A jikin kwalin da ke aljihunsa aka buga hotonsu, kuma shi ke tashi da tari kowace asuba. Aikin lafiya nake yi a Gusau, na kuma sha kara 15 a rana shekaru da dama ina sane da duk wannan. Hanyar da na bi na daina ta ɗauke ni mako 12, ban da mako biyu na shiri, kuma ta fara ne daga bin sawun daɗin har inda yake fitowa.

Makon farko ban rage ko kara ɗaya ba. Takarda na ninke na cusa cikin ledar kwali, da guntun fensir. Kafin in kunna kowane kara sai na rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, ina nake, me na gama yi, sannan maki daga 1 zuwa 5 na yadda abin ya matsa mini. In na taka guntun sai in ƙara maki na biyu, na daɗin da na ji. Sharaɗin shi ne a rubuta nan take. Wanda ya bari sai dare zai rubuta abin da yake zato ne, kuma mashayi bai san yawan abin da yake sha ba, balle dalili.

Kwana 7 suka ba ni kara 105. Da na zauna na tantance, huɗu ne kawai a rana suke samun maki 4 ko 5 a wajen daɗi: na farko da safe a teburin mai shayi, na bayan abincin rana, na bayan tuwon dare, da na majalisa bayan isha'i. Sauran goma sha ɗayan hannu ne ke kunna su ba da shawarata ba. Waya ta yi ƙara, kara. Jiran ɗan kabu-kabu, kara. Shiga bayi, kara. Wasu ma sai na ga guntu a ƙasa nake tuna na sha. Ke nan kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗina da huhuna suna tafiya ne a kan abin da ko daɗinsa ba na ji.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Kara ɗaya yana ɗauke da nikotin, sinadarin ganyen taba mai kama mutum, wajen miligiram 10 zuwa 12, amma abin da ke shiga jini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ɗan abu ne, saurinsa ne ya sa ya gagara. Daga zuƙa zuwa ƙwaƙwalwa daƙiƙa 10 zuwa 20 ne, domin huhu yana miƙa shi kai tsaye ga jinin da zuciya ke turawa sama. Da isarsa sai ya hau wasu mazaunai a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda asali na wani sinadarin jiki ne mai suna asetilkolin, daga nan a saki dofamin, sinadarin da ke ce wa mutum abin nan da ka yi yanzu, sake yi. Abinci mai daɗi ma yana sakin sa, haka cin riba a kasuwa, amma ba wanda ke cin riba sau 150 a rana. Zuƙa kamar 10 ce a kara, kara 15 zuƙa 150, a shekara 54,750. Ko almajiri bai maimaita allonsa haka. A cikin hayaƙin kuma akwai wasu sinadaran da ke rage ƙarfin abin da ke share dofamin daga ƙwaƙwalwa, sai daɗin ya ɗan daɗe. In mai sanyin nan ce, mentol ɗin da aka sa mata yana kashe kaushin hayaƙi a maƙogwaro, mutum ya zuƙa har ƙasan huhu bai yi tari ba. Shi ya sa yara da ita suke farawa.

Sai dai jiki ba ya ajiye nikotin. Hanta tana rage rabinsa cikin kamar awa 2, bayan wasu awa 2 ta rage rabin abin da ya saura. Wanda ya yi barcin awa 8 zai tashi da wajen kashi ɗaya cikin 16 na abin da ya kwanta da shi. Ita kuma ƙwaƙwalwar da ta saba, ta riga ta ƙara yawan mazaunan nan, kuma idan suka zauna wayam sai mutum ya ji ƙunci, da gajen haƙuri, da wani rami a ƙirji da bai san sunansa ba. Karan safe ya fi kowane daɗi saboda shi ke cike rami mafi zurfi. A nan na gane lamarin irin na mai ƙazwa ne. Susa tana da daɗi na gaske, ba ƙarya, amma mai lafiyar fata ba ya neman ta, kuma ita ce ke hana wurin warkewa.

Maganar "tana kwantar mini da hankali" na gwada ta da agogo. Kafin in kunna, bugun zuciyata 78 a minti. Minti biyar bayan na gama, 92. Nikotin yana sa a saki adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya ɗan hau. Jikin da aka ce ya huce, a guje yake. Abin da ya kwanta shi ne ƙuncin rashin nikotin ɗin kansa. Amma akwai wani sauƙi na biyu da ba na nikotin ba, kuma shi ma gaskiya ne: ka tashi daga wurin da aka ɓata maka rai, ka fita waje minti biyar, ka ja numfashi mai zurfi sau goma a hankali, hannunka da bakinka suna da abin yi. Ko ba taba, wannan zai sauke mutum. Taba ta shiga tsakani ne ta karɓi godiyar.

Akwai kuma abin da take yi wa masu aikin wahala, wanda bai kamata a raina ba. Tana danne yunwa, tana kore gyangyaɗi na ɗan lokaci, tana ɗan tsayar da hankali wuri ɗaya. Direban da ya taso daga Gusau zai Funtuwa da sassafe, da maigadin da ke kwana a zaune, da ɗan kabu-kabun da bai karya ba har azahar, ba don burga suke sha ba. Sannan ga zumunci. "Ara mini wuta" ta haɗa mutane da yawa da ba su san juna ba, kuma kara ɗaya yakan zagaya mutum uku a majalisa. Mai tebur yana ba da bashi, yana kuma sayarwa kara-kara, duk da dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da ita haka, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sayen kara-kara shi ke ɓoye kuɗin. A ƙaddara kara naira 50 ne: 15 a rana naira 750, a wata 22,500, a shekara 273,750. Da a dunƙule ake biya, da yawa sun daina tun ba a yi musu wa'azi ba.

Dalilin da sanin illa ba ya hana sha kuwa, daɗin lakadan ne, illar bashi ce mai dogon wa'adi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin masu shan ta da ba su daina ba, mutum fiye da miliyan 7 a shekara, amma mai shekara 25 ba ya ganin kansa a ciki. Abin da ya fi amfani a riƙe shi ne wannan: nikotin ne ke ɗaure mutum, hayaƙi ne ke kashe shi. A hayaƙin ne ake da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki masu jawo sankara, da baƙin kwalta mai liƙe wa huhu, da iskar kabon monoksaid wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Wanda ya fahimci wannan ba zai ji tsoron maganin da ke ɗauke da nikotin zalla ba.

Ragewa sannu-sannu ba tare da ranar yankewa ba, na gwada a baya ba ta yi ba, kuma dalilin a fili yake. Jiki adadin nikotin yake nema, ba adadin kara ba. Ka rage zuwa 6, sai ka riƙa zuƙa da ƙarfi, ka riƙe hayaƙin, ka sha har wuta ta taɓa auduga. Kowane kara kuma ya ƙara daraja, tun da an daɗe ana jiran sa. Ga zuciya ma ragin ba ya biya yadda ake zato: mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20.

Azumi shi ne hujjar da kowa ke kawowa, ta ɓangare biyu. Mutum yana yin awa 13 zuwa 14 bai sha ba, kwana 29 ko 30 a jere, to me zai hana shi dainawa? Abin da ke hanawa shi ne kowace magariba ana sake cika ramin. Karan buɗa baki, bayan mazaunan nan sun wuni a buɗe, yana bugun kai har mutum ya ji jiri, kuma shi ne darasi mafi ƙarfi da ƙwaƙwalwa ke samu duk shekara. Daga nan a jera takwas ko goma kafin sahur. Azumi yana nuna cewa sha'awa tana lafawa idan mutum ya san babu hali ko kaɗan. Mai son dainawa a watan sai ya haɗa da daren, in ba haka ba horo kawai ya sha.

Mako na biyu na shiri ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Tambaya ɗaya ta fi kowace auna zurfin kamu: minti nawa ne tsakanin farkawa da karan farko? Wanda ke kunnawa cikin minti 30 kamunsa mai ƙarfi ne. Nawa wajen minti 20 ne. Da wannan ake zaɓen cingam ɗin nikotin, mai miligiram 4 ga irinmu, mai miligiram 2 ga wanda ke iya wuce rabin awa. Akwai kuma filastar da ake mannawa a fata, mai miligiram 21, da 14, da 7. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da 21 na mako 6, sannan 14 mako 2, sannan 7 mako 2, yana canja wurin mannawa kullum. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai aiki. Ni cingam kaɗai na samu, shi ma sai da na yi saƙo daga Kano, kuma a makonnin farko kuɗinsa ya fi na tabar. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai ƙwayoyi irin su bareniklin da bufuropiyon da sitisin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2024, amma waɗannan sai likita ya rubuta, kuma mai farfaɗiya ba ya shan bufuropiyon. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, su ga likita kafin su taɓa ko cingam ɗin. Haka mai shan tiyofilin na asma, ko wasu magungunan taɓin hankali irin su olanzafin da kulozafin, ko mai allurar insulin, domin daina taba yana iya canja adadin da jikinsu ke bukata. Wanda bai sami ko ɗaya daga cikin magungunan nan ba, sauran hanyar duk ɗaya ce, sai dai kwanakin farko za su fi zafi.

Na sa ranar Alhamis da daddare ta zama ta ƙarshe, don kwana na biyu da na uku su faɗo Asabar da Lahadi, lokacin da ba na gaban marasa lafiya. Manomi ko magini gara ya sa su cikin ranakun aiki, gajiya tana taimako. A daren na fitar da kwali, da ashana, da laita, har da karan da ake ɓoyewa a aljihun tsohuwar riga saboda ɓacin rana, wanda shi ne ya fi kowane haɗari. Na ba da kaya wanki, musamman huluna, domin hula tana riƙe warin taba fiye da riga kuma kusa da hanci take. Na je na biya mai tebur bashinsa. Ya ce, "Likita, yau ba a taɓawa?" Na ce, "Baba, daga yau in ka ga na miƙo hannu, minti za ka ba ni." Gaya wa mai sayarwa ya fi gaya wa mutum goma a gida amfani.

Ranar farko ba ta kai yadda ake tsoro ba, ƙarfin niyya yana nan da zafinsa. Kwana na biyu da na uku su ne ƙololuwa: kai ya yi nauyi, magana kaɗan ta harzuƙa mutum, karatun layi uku ya gagara, barci ya riƙa yankewa. Sha'awar ba a shimfiɗe take wuni guda ba, taasowa take kamar guguwa ta wuce. Na riƙa duba agogo, mafi yawa minti 3 zuwa 5 ne, ko an sha ko ba a sha ba. Aikin duka shi ne a cike waɗannan mintuna. Abin da ya yi mini: in miƙe tsaye nan take in bar wurin, in sha ruwan randa kofi ɗaya da kurɓi ƙanana, in ja numfashi ina ƙirga huɗu in sake ina ƙirga shida har sau goma, ko in yi alwala. Asuwaki ya fi komai maye gurbin kara, tsayinsu kusan ɗaya, yana zama tsakanin yatsu, yana kuma ba baki aiki. Kanumfari ɗaya a gefen kunci yana ba da ɗan yajin da maƙogwaro ke nema.

Cingam ɗin nan, yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba tauna shi suka yi irin na yara. Ba haka ake yi ba. Ana tauna shi a hankali sau kaɗan har a ji yaji ko ɗaci, sai a tura shi tsakanin kunci da dasashi a bar shi. In yajin ya lafa a sake taunawa kaɗan a mayar, haka har wajen minti 30. Ta fatar baki nikotin ɗin ke shiga. In aka tauna da sauri, yawu ya kwashe shi zuwa ciki, sakamakon shaƙuwa ne da ƙwannafi da tashin zuciya, jini kuma bai sami komai ba. Abu mai tsami yana hana shi shiga, saboda haka ba zoɓo, ba kunun tsamiya, ba lemon kwalba, ba kofi, minti 15 kafin a sa shi da lokacin da yake baki. Kuskure na biyu shi ne jira sai sha'awa ta taso. Kara yana kai saƙo cikin daƙiƙa 20, cingam sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ya kai ƙarfinsa, ke nan in ka jira ka makara. Da agogo ake sa shi, ɗaya kowace awa 1 zuwa 2 a mako 6 na farko. Ni 9 nake yi a rana. Kada a wuce iyakar da takardar cikin kwalin ta faɗa, kada kuma a yi masa rowa, domin ƙarancinsa ya fi yawansa mayar da mutane ga taba.

A kwana na biyar wani abu ya ɓullo wanda ba a cika faɗa wa mutane ba: faɗuwar gaba, rawar hannu, ido biyu har ƙarfe biyun dare. Da sauƙi a ɗora wa rashin taba, a ce jiki ba zai iya ba. Ashe shayi ne da goro. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa kore sinadarin kafeyin da sauri, da an daina kuwa cikin 'yan kwanaki sai hanta ta koma gudunta na asali, kofin da aka saba ya yi aikin kusan biyu. Cingam ba ya gyara wannan, domin aikin hayaƙi ne ba na nikotin ba. Ga shi kuma mai daina taba yakan ƙara cin goro don bakinsa ya sami abin yi, ya ƙara wa wutar itace. Na rage shayi daga kofi 4 zuwa 2, goro daga biyu zuwa ɓari ɗaya, ba ko ɗaya bayan la'asar. Dare biyu barci ya dawo.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna iya karya gwiwa in ba a san da zuwansu ba. Ciki yana ɗaurewa mako ɗaya zuwa biyu, domin hanji ya saba nikotin ke zaburar da shi, maganinsa ruwa da yawa, da zogale, da miyar kuɓewa, da gwanda, da tafiyar ƙafa. Wasu bakinsu yakan yi ƙuraje. Tari yakan ƙaru maimakon ya ragu, har mutum ya ce da ina sha ma na fi lafiya. 'Yan gashin da ke share hanyar iska ne suka farfaɗo suna turo dattin shekaru. Amma tarin da ya wuce mako 2 tare da zufar dare, ko rama, ko jini a kaki, wannan ba na daina taba ba ne, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ci kuma yana buɗewa, hanci da harshe sun dawo aiki, har ƙamshin daddawa a miya sai ka ji kamar sabo. Yawanci akan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, mafi yawansa a wata ukun farko. Tarkon shi ne alewa da biskit da lemo. Goruba ta fi, tana cin lokaci ba ta cika ciki, haka aya da karas da gurji.

Daga mako na uku bayan dainawa jiki ya fara sakin mutum, saura sabo, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne. A nan takardar makon farko ta yi ranarta, domin ta nuna mini wurare huɗun da za a tare ni. Na safe na karya shi da canja tsari: shayi a gida, a wani kofi, a tsaye. Na bayan abinci ya fi kowane naci, kuma jingina ce ke kiran sa, saboda haka ina cire hannu daga kwano sai in tashi in wanke, in sa asuwaki, in taka zuwa bakin titi in dawo. Majalisa na ƙaurace mata mako 3 cur. Da na koma sai na riƙa zama ta inda iska ke fitowa, da abu a hannuna, na kuma faɗa sau ɗaya a gaban kowa cewa na daina, domin wanda aka gaya wa a keɓe shi ke miƙo maka kara yana dariya. Wanda ba ya cikin takardar shi ne ɓacin rai, shi ba ya da lokaci balle a shirya masa.

Ta nan na zame a mako na biyar, rabin kara. Jiri ya ɗebe ni, bakina ya yi ɗaci, daɗin bai kai maki 2 ba, amma kwana biyu bayan nan sha'awa ta dawo kamar makon farko, domin mazaunan nan ba su gama raguwa ba, an kuma tuna musu. Abin da ke mayar da zamewa ta zama komawa shi ne tunanin tun da na ɓata bari in ƙarasa, sai a sayi kwali. Ƙa'idar ita ce kada a saya, kada a dakatar da cingam, a rubuta abin da ya jawo, a ci gaba da ƙirga daga inda ake. Cikin masu dainawa da ƙarfin hali kawai, 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke kai shekara a yunƙuri ɗaya, kuma yawancin masu komawa a makon farko suke komawa. Maganin nikotin yana ƙara damar da kamar rabi. Wanda ya faɗi sau uku ba raggo ba ne, haka lissafin yake.

Masu ba da shawarar a koma tabar gargajiya suna da yawa a nan, ba mamaki, ƙasar taba ce. An daɗe ana noma ta a fadamun wajen Shinkafi da Ƙauran Namoda. Sai a ce maka ta gida ba ta da sinadarin Bature. Ganyen kansa ne ke da nikotin, kuma duk ganyen da aka ƙona yana ba da kwalta, a lofe ne ko a takarda. Taba gari ta shaƙa ko ta ƙunsawa a leɓe, kanwar da ake haɗa ta da ita ba don ɗanɗano kawai ba ce, ita ke buɗe wa nikotin hanya ta fatar hanci da baki, dabara ɗaya da ta cingam, sai dai ita tana tafe da masu jawo sankarar baki. Shisha kuwa ruwan sanyaya hayaƙi yake yi ba tacewa ba, zama ɗaya yakan kai awa guda, ga gawayi yana ƙara kabon monoksaid a kai.

Mako na 7 zuwa na 9 na mayar da cingam ɗaya kowace awa 2 zuwa 4, wajen 5 a rana. Mako na 10 zuwa na 12 biyu ko uku, na bar na bayan abinci su zama na ƙarshen cirewa. Bugun zuciyata a zaune ya sauka zuwa wajen 70, tarin asuba ya tafi, kuma na fara jin warin taba a jikin mutum tun daga bakin ƙofa, abin da ya nuna mini yadda iyalina suka yi shekaru suna ji. Kabon monoksaid tun awa 12 na farko yake komawa daidai, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi bayan shekara 1, na sankarar huhu sai wajen shekara 10.

Abin da mako 12 ba sa sharewa shi ne sabon da ke ɗaure da lokacin shekara. A damina na daina, saboda haka ƙwaƙwalwata ba ta taɓa ganin hunturu ba taba ba. Safiyar farko da hazo ya sauka, ana jin ɗumi a bakin wutar mai shayi, sha'awar ta taso sabuwa fil bayan wata biyar, ta yi mintunanta huɗu ta wuce. Haka magaribar farko ta azumi. Ita na shirya mata tun da rana: dabino uku, ruwa, in tashi zuwa sallah ba tare da na zauna ba, kunu sai na dawo, asuwaki a aljihun gaba inda kwali yake zama da. Cingam biyu na ajiye a aljihun saboda daren, na mayar da su gida ban ɓare ba. A magariba ta huɗu sai da aka idar da sallah na tuna ban neme ta ba.